Kamfani na tangal-tangal, dila ya rufe: a sayi motar ko a dakata?

A watan Mayun 2025 kamfanin Nissan na ƙasar Japan ya bayyana cewa ya tafka asarar yen miliyan dubu 670 cikin shekara guda, kwatankwacin dalar Amurka miliyan dubu 4 da rabi, kuma zai sallami ma'aikata dubu 20, ya rage masana'antunsa na harhaɗa motoci daga 17 zuwa 10. Watanni uku kafin nan maganar haɗewarsa da Honda ta watse. A Jamus ma, cikin watan Disamban 2024, Volkswagen ya daidaita da ƙungiyar ƙwadago a kan rage guraben aiki dubu 35 kafin shekarar 2030. Irin waɗannan labarai ba su tsayawa a inda aka yi su, suna isowa har tashoshin mota da garejin kanikawa. Shi kuwa mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tara kuɗi domin ya mallaki motar ɗaukar kaya, tambayarsa guda ce: in na saya yau, gobe kamfanin ya durƙushe, ina zan samu kayan gyara, kuma wa zai karɓe ta a hannuna ranar da na tashi sayarwa?

Tambayar ba sabuwa ba ce. Amurkawa sun yi wa kansu ita a shekarun 2008 da 2009, lokacin da biyu daga cikin manyan kamfanonin motocinsu uku suka kai kansu gaban kotun fatara, aka kuma rufe wuraren diloli ɗaruruwa cikin ƴan makwanni. Yanzu da aka shige shekara 15 da faruwar abin, ƙura ta lafa, ana iya duba wanda ya ci riba da wanda ya kwana ciki. Abin da muka gani kuwa ya saɓa wa tsoron da jama'a suka yi a wancan lokaci.

Idan masu karatu ba su manta ba, rikicin ya taso ne ta fuska biyu. A tsakiyar 2008 farashin fetur a Amurka ya haura dala 4 kowane galan, abin da ya sa jama'a suka juya wa manyan motoci masu shan mai baya, alhali a kansu ne General Motors da Ford da Chrysler ke samun mafi yawan ribarsu. Sannan a watan Satumba bankin Lehman Brothers ya faɗi, bashi ya ƙafe. A ƙasar da kusan kowa da bashi yake sayen mota, ƙafewar bashi daidai take da rufe kasuwa. Motocin da aka sayar a Amurka sun haura miliyan 16 a 2007, a 2009 suka faɗo zuwa miliyan 10 da ƴan kai. Ford ya tsira ba tare da shiga kotu ba saboda tun a 2006 ya jinginar da kusan duk abin da ya mallaka, har da tambarinsa, ya ciwo bashin dala miliyan dubu 23 da rabi tun ana ba da bashi. Sauran biyun ba su yi wannan sa'a ba. Chrysler ya shiga kotu ranar 30 ga Afrilun 2009, General Motors ya bi shi ranar 1 ga Yuni.

A nan ya kamata mu tsaya mu fayyace wani abu, domin kalmar fatara tana ruɗa mutane. A dokar Amurka akwai fatarar da ake rufe kamfani a sayar da kadarorinsa a raba wa masu bin bashi, akwai kuma wadda ake kira babi na 11, inda kamfani ke ci gaba da aiki a ƙarƙashin kariyar kotu yana sauke nauyin da ya fi ƙarfinsa. Ta biyun ce aka yi wa kamfanonin nan. An tsaga kowanne gida biyu: masana'antu masu riba da sunaye masu kasuwa aka zuba su cikin sabon kamfani, basussuka da rufaffun masana'antu aka bar wa tsohon. Cikin kwana 40 sabon General Motors ya fito, gwamnatin Amurka na riƙe da kusan kashi 61 cikin ɗari na hannun jarinsa. Shi kuwa Chrysler aka damƙa ragamarsa ga Fiat na Italiya, wanda ya fara da kashi 20, ya kammala saye a farkon 2014. Gaba ɗaya gwamnati ta zuba wajen dala miliyan dubu 80 a wannan aikin ceto.

Babban abin da mai saye ke tsoro a lokacin shi ne garanti, wato alƙawarin gyara kyauta na wasu shekaru da ke biyo sabuwar mota. Hukumomi sun gane cewa in jama'a suka yi zaton garantin zai mutu, za su daina saye, kuma daina sayen ne zai kashe kamfanin tun kafin bashi ya kashe shi. Saboda haka ranar 30 ga Maris 2009 shugaba Barack Obama ya fito ya sanar cewa gwamnati ta tsaya wa garantin duk sabuwar motar da aka saya daga kamfanonin biyu a wannan tsakani. An ware kuɗi don haka, amma ba a kai ga buƙatarsu ba, domin sababbin kamfanonin sun karɓi nauyin garantin suka ci gaba da gyara. Wanda ya yi ta maza ya sayi a-kori-kura ƙirar Silverado ko Sierra ko Ram a waɗancan watanni, lokacin da diloli ke karya farashi don su samu na biyan banki, ya sayi mota da araha kuma bai rasa komai ba.

Ba sa'a ce kawai ta cece shi ba. Kamfanin da ke neman tsira yana yanke abin da ke cin kuɗinsa ne, ba ya yanke abin da ke ciyar da shi. A-kori-kura ita ce saniyar tatsar kamfanonin Detroit, shi ya sa aka yi ta zubar da kaya daga cikin kwalekwale amma ba wanda ya taɓa ta. Chrysler ma a ƙarshen 2009 ya cire Ram daga ƙarƙashin sunan Dodge ya mai da shi suna mai zaman kansa. Kome ramar giwa ta fi kwando goma. (Wani abin dariya shi ne, tun 2021 Ram ɗin nan da Peugeot da muka sani gida ɗaya suke, a ƙarƙashin kamfanin Stellantis.)

To su wa suka kwana ciki? Na farko diloli. Ranar 14 ga Mayun 2009 Chrysler ya aika wa diloli 789 takardar sallama, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dukkan dilolinsa, ya ba su zuwa 9 ga Yuni su sauke tambarinsa. Akwai wajen motoci dubu 44 a filayensu, kamfanin kuma ya ce ba zai saye su ba, ba zai sayi kayan gyara da na'urorin da ya tilasta masu saye a baya ba, iyakacin abin da zai yi shi ne ya taimaka a raba motocin ga dilolin da suka rage. Washegari General Motors ya aika wa wajen diloli 1,100 irin wannan takarda, sai dai shi ya ba su wa'adi zuwa Oktoban 2010. Da yawa daga cikinsu gidaje ne da suka gaji sana'ar daga iyaye da kakanni, a ƙananan garuruwa inda su ne kaɗai wurin gyara mai lasisin kamfani. Ƙorafi ya yi yawa har majalisar dokoki ta yi doka a Disamban 2009 da ta ba su damar ɗaukaka ƙara, General Motors ya mai da ɗaruruwa daga cikinsu a 2010, kuma a watan Yulin shekarar babban mai binciken da ke sa ido kan kuɗin ceton ya fitar da rahoto yana sukar gaggawar da aka yi wajen rufewar. Ga manomi ko ɗan kwangilar da ke zaune a ƙauye, garantinsa na nan a rubuce, amma wurin da zai kai motar ya yi masa nisa, kuma ranar da mota ta wuni a hanyar gareji rana ce da ba ta yi aiki ba.

Na biyu, kuma a namu ganin wannan shi ne ya fi shafarmu, su ne mutanen da cinikinsu ya tsaya a tsakiya ranar da dila ya rufe. Dila ba da kuɗinsa yake cika fili da motoci ba, banki ne ke ba shi bashi a kan kowace mota, in ya sayar ya biya. Da bankin ya janye, sai a wayi gari ƙofa a garƙame. Haka ya faru a Satumban 2008 da kamfanin Bill Heard, wanda yana cikin manyan dilolin Chevrolet a duk faɗin Amurka, ya rufe rassansa sama da 10 a rana ɗaya. A jihohi da dama an samu mutanen da suka ba da kafin alƙalami ba su ga mota ba, da waɗanda suka karɓi mota amma takardun mallaka ba su fito ba, da waɗanda suka miƙa tsohuwar motarsu a kan dila zai biya sauran bashin da ke kanta, ya rufe bai biya ba, suka koma suna biyan bashin mota biyu, ɗaya ma ba ta hannunsu. Garantin da shugaban ƙasa ya tsaya wa bai shafi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Kamfanin da ya ƙera motar yana nan da ransa, amma wanda ya karɓi kuɗin ne ya mutu.

Na uku su ne waɗanda suka sayi sunan da aka yanke. General Motors ya shiga kotu da sunaye takwas ya fito da huɗu: Chevrolet da GMC da Buick da Cadillac. Pontiac da Saturn da Hummer aka rufe su, bayan cinikin Saturn ya rushe a Satumban 2009, na Hummer da wani kamfanin ƙasar Sin ya rushe a Fabrairun 2010. Masu waɗannan motoci sun ci gaba da samun gyara a wajen sauran dilolin kamfanin, sai dai darajar motar a kasuwar hannu ta faɗi. Wanda ya fi ban tausayi shi ne Saab na ƙasar Suwidin. An sayar da shi ga wani ƙaramin kamfanin Holan mai suna Spyker a farkon 2010, ya lallaɓa har Disamban 2011 ya faɗi, faɗuwar da babu tashi, kuma babu gwamnatin da ta tsaya masa. Wanda ya sayi Saab a zamanin General Motors an ci gaba da mutunta garantinsa, wanda ya saya bayan nan a Amurka takardarsa ta zama ta ƙunsa ƙosai. Duk da haka sashen sayar da kayan gyara na Saab bai mutu tare da uwar kamfanin ba, ya ci gaba da aiki, daga baya ya sauya suna zuwa Orio, saboda akwai motoci da yawa a kan hanya kuma sayar masu da kaya sana'a ce mai riba.

A ɓangaren manyan motoci na haƙiƙa, wato masu ƙafa shida zuwa sama, an yi irin wannan yanka. General Motors ya daɗe yana neman mai sayen sashensa da ke ƙera Chevrolet Kodiak da GMC TopKick, ciniki da Navistar ya lalace a 2008, daga ƙarshe aka tsai da aikin a garin Flint a ƙarshen Yulin 2009. Daimler na Jamus kuma, wanda bai je kotun fatara ba, ya kashe sunan Sterling a Arewacin Amurka a watan Maris na shekarar. Wannan ya nuna cewa suna na iya mutuwa ko da uban gidansa lafiya lau yake, in dai lissafi ya nuna ba ya kawo kuɗi. Amma masu waɗannan motoci ba su ajiye su ba, kuma dalilin yana cikin yadda ake ƙera babbar mota. Wanda sunansa ke goshin motar sau da yawa shasi da kai kawai ya yi. Injin na iya zama na Cummins ko Caterpillar, giya ta Allison ko ZF, famfon mai da nozul na Bosch. Allison ɗin ma General Motors ya sayar da shi tun 2007, ya zama mai cin gashin kansa. Waɗannan kamfanoni suna sayar wa kowa, mutuwar abokin ciniki ɗaya ba ta rufe su. Abin da ke yin wuya bayan suna ya mutu shi ne kayan da ba a raba su da wata mota: ƙofa, gilashin gaba, fitila, wayoyin lantarki da abin da ya shafi kan motar.

Ba mu cika ganin Silverado ko Kodiak a hanyoyinmu ba, amma wannan lissafi ba baƙo ba ne a wajenmu, hasali ma mun daɗe muna zaune da shi ba tare da mun ba shi suna ba. DAF ɗin nan da ke jan tirela daga bakin teku zuwa Maraɗi da Damagaram da Kano, wadda direbobi ke rantsuwa da ita, kamfaninta ya faɗi warwas a Holan cikin watan Fabrairun 1993. An tashe shi a ƙanƙance bayan ƴan makwanni, Paccar na Amurka ya saye shi a 1996. Mutum nawa ne cikin masu DAF a yau suka san wannan tarihi, balle ya hana su barci? Berliet, wadda motocinta suka ratsa Tenere a 1959 da 1960, an haɗe ta da Saviem a ƙarƙashin Renault a 1978, aka daina buga sunanta a 1980, sashen manyan motocin Renault ɗin ma ya koma hannun Volvo a 2001, amma tsofaffin Berliet sun ci gaba da dakon kaya a hamada shekaru masu yawa bayan haka. Bedford kuwa, wadda mallakar General Motors ce a Ingila, an daina ƙera manyanta a ƙarƙashinsa tun 1986, duk da haka maƙeran Sudan suka ci gaba da warware ta suna sake ɗaurawa, suna ƙara mata ƙarfi, har ta zama kamar tasu.

Abin da ya raya waɗannan motoci abu biyu ne: yawansu a kan hanya da sauƙin cikinsu. In mota ta yi yawa, ɗan kasuwa zai yi odar kayanta saboda ya san za su fita, wata masana'anta a Turkiyya ko Indiya ko Sin za ta kwaikwayi kulocinta da birkinta, wadda ta yi hatsari za a farke ta a sayar gunduwa-gunduwa, kuma yaron gareji zai tashi ya tarar da ita ya koye ta. In kuwa mota ƙwaya biyar ce a duk jihar, ko kamfaninta ya fi kowa kuɗi a duniya, ranar da famfon manta ya lalace za ta yi wata biyu a kan duwatsu ana jiran saƙo. Saboda haka tambayar da ta dace da mai saye a nan ba ita ce ko kamfanin na cin riba a Tokyo ko a Munich ba. Ya zagaya kasuwar kayan gyara ta garinsu da ta garin da zai riƙa zuwa, ya tambayi farashin nozul da kuloci da lagireto na wannan ƙirar, ya ga ko a kan kanta suke ko sai an aika. Wannan yawon na wuni ɗaya ya fi masa duk wani labarin kasuwar hannun jari amfani.

Maganar garanti kuwa, mu faɗi gaskiya, ga yawancinmu ba ta taso ba. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari Afrika suka nufo. Manyan ma hanyarsu ke nan. Motar da ta yi shekara 10 ko 15 tana aiki a Turai kafin ta sauka Kwatano ko Lome ta daɗe da cinye garantinta. Wanda ke da abin rasawa a wannan fanni shi ne kamfanin haƙar ma'adinai, ko ɗan kwangilar hanya, ko hukuma, masu sayen sabuwa dal a wajen wakilin kamfani. Su kam ya kamata su karanta takarda su ga wa ya ɗauki alƙawarin: uwar kamfanin ce ko wakilin gida? In wakilin ne, to ranar da aka karɓe wakilcin daga hannunsa alƙawarin ya bi ruwa. Hakan na faruwa ba sai da fatara ba. A 2017 General Motors, yana cikin cin riba, ya tattara ya bar Afrika ta Kudu, ya daina sayar da Chevrolet a can, ya bar wa Isuzu masana'antarsa ta a-kori-kura, a Kenya ma ya sayar wa Isuzu kasonsa. Masu Isuzu ba su ji komai ba, masu Chevrolet kuwa suka zama marayu, duk da alƙawarin ci gaba da samar da kayan gyara da aka yi masu.

Inda muka fi kama da Amurkawan 2008 shi ne wajen dillali. Nawa ne cikinmu ke tura miliyoyin sefa ga wanda zai sayo masu mota a Beljiyam ko Jamus ko Sin, da hoton waya kawai a matsayin shaida? Wannan shi ne cinikin biri a sama. Dillalin ba lalle ne ya kasance macuci ba. Yana iya zama mutumin kirki da ke juya kuɗin wannan ya sallami wancan, kamar yadda dilolin Amurka ke juya kuɗin banki, har ranar da wani abu ya tsinke igiyar. Mun ga yadda igiya ke tsinkewa: Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga farkon 2017, kasuwar motocin Kwatano ta girgiza, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka rufe iyakar Benin, kaya suka maƙale a tashar jirgin ruwa kuɗin ajiya na hawa, daga baya ayari ya koma zagayowa ta Togo da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, tsada ta ƙaru. Duk wanda ya biya kuɗin mota gaba ɗaya kafin irin wannan rana, shi ne ke ɗaukar asarar da ba shi ya jawo ta ba. A namu ra'ayin, kafin alƙalami ya zama kaɗan, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu da lambar shasin motar a ciki, sauran kuɗin kuma kada su fita sai mota ta tsaya a gabanka da takardun duwan cikakku, lambar da ke takarda ta yi daidai da wadda ke jikin ƙarfe. Wanda ya ce a ba shi duka yau saboda arahar ba za ta kai gobe ba, a tambaye shi abin da ke korarsa.

Akwai wata asara kuma da ba a cika magana a kanta ba. Idan aka gano lahani a wata ƙira, kamfani kan kira masu motar su kawo a sauya kyauta, kuma ta hannun diloli ake yin wannan. Kamfanin Takata na Japan, mai ƙera jakar iskar da ke kare direba a hatsari, ya shiga fatara a Yunin 2017 bayan an gano cewa jakunkunansa na iya fashewa su watsa ƙarfe a fuskar mutum, musamman a wurare masu zafi da laima. Motoci miliyoyi aka yi wa kiranye a duniya, har da a-kori-kura, kuma a farkon 2018 Ford ya gargaɗi masu wasu Ranger ƙirar 2006 da su daina tuƙa su gaba ɗaya sai an sauya. Wasiƙar kiranye tana zuwa ne ga wanda sunansa ke cikin rajistar ƙasar da aka fara sayar da motar. Wadda ta riga ta tsallako teku ta sauya hannu uku, babu wanda zai aiko mata da wasiƙa.

Sai dai kada mu ɗauka cewa abin da ya ceci DAF da Bedford zai ceci kowace mota ta yau. Tsohuwar mota ƙarfe ce da mai, bakanike mai kunne yana jin ciwonta daga ƙarar inji. Ta yanzu kwamfuta ce ke ba ta izinin tashi. Tun farkon 2014 sababbin manyan motoci a Turai sai sun cika ƙa'idar hayaƙi ta Euro 6, wadda ke buƙatar gazuwal mai tsabta da ruwan AdBlue da na'urori masu auna komai, kuma irinsu ne ke isowa kasuwar hannu a yanzu. Ɗaya daga cikin na'urorin nan in ta ga abin da bai yi mata ba, sai ta rage wa injin ƙarfi a tsakiyar daji, kuma ba a sasantawa da ita sai da manhajar kamfani. A nan rayuwar kamfanin ta fara shafar mai mota kai tsaye. An ga misali a ƙananan kamfanonin motocin lantarki na Amurka: Lordstown mai ƙera a-kori-kura ya faɗi a Yunin 2023, Fisker a Yunin 2024, Nikola mai ƙera kan tirela a Fabrairun 2025. Masu motocin Fisker sai da suka kafa ƙungiya ta kansu suna fafutukar kada a kashe na'urorin intanet da motocinsu suka dogara da su. Babu gwamnatin da ta ceci waɗannan, motocinsu ba su da yawa, kuma cikinsu a kulle yake. Duk sharuɗɗan da suka taimaki mai Silverado a 2009 babu ko ɗaya a nan.

Wannan ya kawo mu ga motocin ƙasar Sin, waɗanda su ne suka fi cika wuraren aikin hanya da dakon siminti da yashi a ƴan shekarun nan. Dalilin kwararowarsu a bayyane yake: a 2020 an sayar da manyan motoci sama da miliyan 1 da dubu 600 a cikin Sin, a 2022 adadin bai kai dubu 700 ba, masana'antu suka juyo waje neman kasuwa. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Howo ta Sinotruk tana da asali mai zurfi, fasaharta ta samo tushe ne daga lasisin Steyr na Ostiriya tun shekarun 1980, Steyr ɗin da aka taɓa harhaɗawa a Bauci, kuma MAN na Jamus ya sayi kashi 25 cikin ɗari na Sinotruk a 2009, a tsakiyar rikicin da muke magana a kai. Yawanta a hanya ya riga ya sa kayanta sun cika kasuwa. Amma a bayanta akwai sunaye birjik da kan zo da araha mai ɗaukar ido, wakili ɗaya, rumbun kaya ɗaya, kuma kamfanonin Sin ma suna faɗuwa: Lifan da muka sani a kan babura ya shiga hannun kotu a 2020, haka ma Huachen, uwar kamfanin Brilliance. Kafin mutum ya sayi ɗaya daga cikin baƙin sunayen nan, ya buɗe goshinta ya ga injin wane ne. In Weichai ne ko Cummins, akwai inda za a dosa ko da sunan ya ɓace. In kuwa injin ma baƙo ne, araha ba ta ado.

Game da kamfanonin Japan da muka fara da su, ba mu ga dalilin firgita ba. Hino, wanda badaƙalar ƙaryar alƙaluman hayaƙi ta 2022 ta jijjiga, ya sa hannu a Yunin 2025 kan haɗewa da Mitsubishi Fuso mai ƙera Kanta, kuma irin wannan haɗewa takan tara kayan gyara wuri guda ne maimakon ta watsa su. Nissan kuwa, ko an sayar da shi ko an tsaga shi, Patrol da Hardbody da Navara sun yi yawa a Afrika da ƙasashen Larabawa ta yadda masu kwaikwayon kayansu ba za su daina ba. Inda za a sa ido shi ne sabuwar ƙirar da ba ta kai ga yaɗuwa ba, da kuma masana'antu 7 da kamfanin ya ce zai rufe, domin a kan jerin waɗannan ne za a gane ƙirar da ya yanke shawarar riƙewa da wadda zai sake.